Minti Biyar

A allon ƙofa an rubuta da jan fenti:
"Abincinka cikin minti biyar."
Ni ne minti biyar ɗin.
Ni da Cima, da Mutari mai babur,
da kaskon da bai huce ba tun ƙaramar salla.

Kai da ka tsai da mota a bakin hanyar Tanut,
ka miƙo jaka biyu ta taga,
ka karɓi sanwic da firit mai tururi,
ban ce ka yi laifi ba.
Ciki ba ya jiran hujja.
Amma ɗaga labulen robar nan, ka leƙo.

Cima ta taso daga Kara-Kara a ƙafa
tun ladanin Birni bai gyara murya ba.
Buhun dankali biyu, wuƙa ɗaya marar ƙota.
In ta yanke, sai ta ɗaure yatsa da leda ta ci gaba,
don jini ba ya cikin littafin maigida,
amma dankalin da ya ɓaci yana ciki.

Ni kuwa, mai ne abokin hirata.
Yana tofo mini magana a damtse,
kowace kalma tabo.
Na ƙirga sha tara, na bar ƙirga.
Tsaye tun hantsi har biyun dare.
Kujeru ashirin da huɗu ne a gaba, ja da rawaya,
babu wadda ta san nauyina.

A Damagaram ruwa baƙo ne mai jan aji.
Famfon unguwarmu kwana tara yana tari busasshe,
jarkoki sun yi sahu kamar masu jiran liman.
Nan kuwa sau uku a yini nake wanke daɓe
don fitila ta ga fuskarta.
Abin da nake korawa kwata kafin la'asar
zai yi wa ƴaƴana wanka har Juma'a.

Ranar da Mutari ya faɗi gab da Kasuwar Dole,
yana tseren kada abinci ya huce,
waya ta yi ƙara a aljihunsa, shi yana kwance.
Tambayar farko: "Shawarmar ta zube?"
Ta zube.
An cire jaka uku a albashinsa.
Ɗinki bakwai a haɓa, mu muka yi karo-karo.

Babu takarda tsakaninmu da kowa.
In ka ce gwiwa, a nuna maka ƙofa:
ga samari goma a fada suna shan shayi,
kowannensu daidai da rigarka.

Man da ya yi baƙi ba a zubarwa.
Yakan fita ta ƙofar baya, a galan,
ya sauka wurin mai awara a bakin lakwal,
inda ɗiyata ke miƙa dala biyar da safe.
Abin da na gama da shi, da shi take karyawa.

Gwaggo Hariratu ta kife tandar waina bara.
Ta ce yaran yanzu sun fi son abin da aka naɗe.
Akuyarta ma ta bi su:
da mahauci ya farka cikinta,
sai ga sunan shagonmu, ja da rawaya,
bai ko koɗe ba.

Ina isa gida duwatsu sun riga sun huce,
tuwona ya yi fata a kwano.
Gaptiya na barci, hannu ɗaya a kunci.
An ce mushe ya tambaye su aikin iyayensu,
ta ce: "Babana ƙamshin firit ne,
yakan shigo in na rufe ido."

Ina durƙusa, ina kallonta,
ba na taɓa ta, don hannuna maiƙo.
Ba na wuce minti biyar.
Su kaɗai ne nawa,
kuma babu wanda ya rubuta su a allo.